Riga abokin gaba bugu: inda hujjar yaƙi da ta'addanci take da ƙarfi da inda take yoyo

Ranar 1 ga Yunin 2002 shugaban Amurka George W. Bush ya tsaya gaban ɗaliban makarantar horar da hafsoshi ta West Point, ya faɗi maganar da ta zama ginshiƙin siyasar tsaron ƙasarsa na shekaru. Ya ce dabarun da suka tsare Amurka a zamanin yaƙin cacar baka, wato tsoratar da abokin gaba da ramuwa da kuma killace shi, ba za su yi aiki a kan 'yan ta'adda marasa ƙasa ba, kuma in aka tsaya jiran barazana ta gama nuna fuskarta, to an makara. Wata uku bayan haka aka zuba wannan tunani a cikin takardar manufofin tsaron ƙasa, kafin shekara ta zagayo kuma sojojin Amurka suna cikin Bagadaza.

Mai kallon abin daga yau yana iya yin tsaki ya ce duk ƙarya ce da neman man fetur. Wannan hukunci ya yi sauƙi da yawa, kuma ba ya taimakon kowa ranar da hujjar za ta sake dawowa da sabuwar riga, domin tana dawowa. Mutane masu hankali da yawa sun yarda da ita a lokacin, ciki har da waɗanda ba su da ko sisi a kamfanin mai. Ya kamata a saurare ta da ƙarfinta kafin a nemi inda take yoyo.

Ga yadda take. Tsohuwar dabarar hana yaƙi ta dogara ne da cewa abokin gaba yana da abin da yake tsoron rasawa: babban birni, fada, jama'a, ransa. Tarayyar Sobiyet tana da dubban makaman nukiliya, amma shugabanninta sun san inda ramuwa za ta sauka. Mutum 19 da suka sace jiragen sama huɗu ranar 11 ga Satumban 2001 suka kashe mutum 2,977 sun shiga jiragen ne da niyyar mutuwa. Da me za ka tsorata wanda ya riga ya sayar da ransa? Kuma sun yi wannan ɓarna da 'yan wuƙaƙen yanka kwali. Idan irinsu suka sami iskar guba ko ƙwayar cuta ko ɗan ƙaramin bam na nukiliya fa? Ba tatsuniya ba ce, domin a watan Maris na 1995 ƙungiyar Aum Shinrikyo ta saki iskar sarin a jiragen ƙarƙashin ƙasa na Tokyo, mutum 13 suka mutu, dubbai suka jikkata. Makonni kaɗan bayan harin 11 ga Satumba kuma wasiƙu masu ɗauke da ƙwayar antaras suka kashe mutum biyar a cikin Amurka. Daga nan sai masu hujjar su ce: rigakafi ya fi magani. In kuskuren kai hari zai jawo asarar dubbai, kuskuren jira yana iya jawo asarar birni guda. Sai su tuno wa mai sauraro Munich a 1938, lokacin da Birtaniya da Faransa suka lallashi Hitler da wani yanki na Cekoslobakiya suna zaton sun sayi zaman lafiya.

A kan Afganistan wannan hujja ba ta ma buƙaci dogon bayani ba, kuma duniya ba ta yi gardama sosai ba. An riga an kai harin. Al-Ƙa'ida ce ta tayar da bama-bamai a ofisoshin jakadancin Amurka na Nairobi da Dar es Salam a Agustan 1998, mutum 224 suka mutu, galibinsu 'yan Afirka. Ita ce ta fasa jirgin ruwan yaƙi na USS Cole a Aden a 2000. Tun 1999 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙaƙaba wa Taliban takunkumi yana neman su miƙa Usama bin Laden, suka ƙi. Sashe na 51 na Yarjejeniyar Majalisar ya amince wa ƙasa ta kare kanta idan an kai mata hari da makami, kuma washegarin harin 11 ga Satumba Kwamitin Sulhu ya jaddada wannan haƙƙi a ƙuduri mai lamba 1368. Akwai sansanoni a ƙasa, akwai gwamnatin da ke ba su mafaka, akwai gawawwaki a New York. Abin da ya biyo baya, shekara 20 da suka ƙare da komawar Taliban Kabul ranar 15 ga Agustan 2021, tambaya ce ta daban, ta yadda yaƙin tarwatsa sansanoni ya rikiɗe ya zama aikin gina ƙasa da bakin bindiga. Shi kansa Bin Laden ba wannan yaƙin ne ya cim masa ba. Aikin leƙen asiri na shekaru da 'yan kundumbala a jirage masu saukar ungulu ne suka same shi a Abbottabad ta Pakistan a Mayun 2011.

Iraƙi ce ainihin wurin gwajin hujjar, domin a can ba a kai wa kowa hari ba tukuna.

Dokar ƙasa da ƙasa ta daɗe da sanin cewa ba dole ne mutum ya jira sai takobi ya sauka a wuyansa ba. Ma'aunin da ake yawan komawa gare shi ya fito ne daga wani rikici na 1837, lokacin da sojojin Birtaniya suka tsallaka Kogin Niagara suka ƙone wani jirgin ruwa mai suna Caroline da ke kai wa 'yan tawayen Kanada kayan faɗa. A wasiƙun da suka biyo baya sakataren harkokin wajen Amurka Daniel Webster ya ce irin wannan mataki ba ya halatta sai larurar ta kasance ta nan take, mai rinjaye, wadda ba ta bar wata hanya ba kuma ba ta bar lokacin shawara ba. Wato a buge hannun da aka riga aka ɗaga. Abin da gwamnatin Bush ta nema ya wuce nan nesa. Ta nemi izinin buge wanda bai ɗaga hannu ba, bisa zaton cewa wata rana zai ɗaga, kuma a ranar ba za a ga ɗagawar ba. Mai ba shugaban shawara kan tsaro, Condoleezza Rice, ta ce a Satumban 2002 ba sa son shaidar farko da za su gani ta zama gajimaren fashewar nukiliya.

A nan ne, a ganina, ɗinkin ya fara ɓallewa. Hujjar ta haɗa tsoro biyu ne ta mai da su ɗaya. Akwai ɗan ta'addan da ba ya jin tsoron ramuwa, amma ba shi da masana'antar tace yuraniyam. Akwai kuma azzalumin shugaba da ke iya mallakar masana'antar, amma shi yana da fada da 'ya'ya da rai, yana kuma son su ƙwarai. Kowannensu shi kaɗai akwai dabarar da ta san shi: na farko aikin 'yan sanda da jami'an leƙen asiri da toshe hanyar kuɗi, na biyu tsoratarwa da takunkumi da masu bincike. Sai an nuna cewa na biyu zai miƙa makaminsa ga na farko ne yaƙi yake zama dole. Duk nauyin ginin yana kan wannan gada, kuma ita ce mafi rauni a cikinsa.

Saddam Hussein mugu ne, wannan ba abin musu ba ne. Ya yi amfani da iskar guba a kan sojojin Iran a yaƙin 1980 zuwa 1988. A Maris na 1988 jiragensa suka zuba ta a kan garin Kurdawa na Halabja, kimanin mutum 5,000 suka mutu. Ya mamaye Kuwait a Agustan 1990. Bayan yaƙin 1991 masu bincike sun tarar shirinsa na nukiliya ya yi nisa fiye da yadda hukumomin leƙen asirin Yamma suka zata, kuma sai a 1995 gwamnatinsa ta amsa cewa tana da shirin makaman ƙwayoyin cuta. Wanda ya ƙi yarda da kalmarsa a 2002 yana da dalili. Amma tarihin nasa ya kuma nuna cewa yana jin gargaɗi. A Janairun 1991 sakataren harkokin wajen Amurka James Baker ya gaya wa takwaransa na Iraƙi Tariƙ Aziz a Geneva abin da zai biyo baya in Iraƙi ta yi amfani da makamai masu guba, kuma Saddam, wanda a lokacin yake da su jibge, bai harba wa sojojin ƙawance ko ɗaya ba. A Oktoban 2002 hukumar CIA da kanta ta rubuta wa Majalisar Dattawa cewa da wuya Saddam ya kai irin wannan hari sai fa in ya ga an zo raba shi da mulki. Ma'ana yaƙin da ake shiryawa shi ne abin da zai fi kusantar da bala'in da ake cewa ana gudu.

Ita kuwa gadar da ke tsakaninsa da Al-Ƙa'ida, da me aka gina ta? Wani babban ɓangarenta ya fito ne daga bakin Ibn al-Shaikh al-Libi, mai kula da wani sansanin horar da mayaƙa a Afganistan, wanda aka kama bayan faɗuwar Taliban aka miƙa shi Masar, inda ya faɗi cewa Iraƙi ta horar da 'yan Al-Ƙa'ida a kan makamai masu guba. A farkon 2004 ya janye maganar, ya ce ya faɗe ta ne don a daina azabtar da shi. Kwamitin da ya binciki harin 11 ga Satumba ya bayyana a Yulin 2004 cewa bai ga shaidar haɗin gwiwar aiki tsakanin ɓangarorin biyu ba. Labarin motocin da aka mayar ɗakunan haɗa ƙwayoyin cuta, wanda sakataren harkokin wajen Amurka Colin Powell ya nuna zanensu a gaban Kwamitin Sulhu ranar 5 ga Fabrairun 2003, ya dogara ne galibi da wani ɗan gudun hijirar Iraƙi a Jamus da ake yi wa laƙabi da Curveball, wanda ya amsa da bakinsa a 2011 cewa ƙirƙira ya yi. Sai kuma batun Nijar, inda aka ce Iraƙi ta ƙulla cinikin tan 500 na yuraniyam. A jawabinsa na 28 ga Janairun 2003 Bush ya ce gwamnatin Birtaniya ta gano Saddam ya nemi yuraniyam mai yawa daga Afirka. Tun a Fabrairun 2002 CIA ta aika tsohon jakada Joseph Wilson Yamai, ya dawo ya ce abin da wuya, domin ma'adinan suna hannun kamfanonin da Faransa ke jagoranta, ba a fitar da tan 500 a ɓoye. Da takardun cinikin suka isa hannun hukumar makamashin nukiliya ta duniya, ba ta daɗe ba ta gane jabu ne. Ɗaya daga cikin wasiƙun tana ɗauke da kwanan watan shekarar 2000 da sa hannun ministan harkokin wajen Nijar da ya bar kujerar tun 1989. Shugaban hukumar, Muhammad El-Baradei, ya faɗa wa Kwamitin Sulhu haka ranar 7 ga Maris, saura kwana 13 a fara yaƙi.

Ana yawan tsayawa a kan tambayar ko shugabannin sun san ƙarya ce. Ni abin da ya fi damuna shi ne yadda hujjar kanta take sa mutum ya daina buƙatar sani. Da zarar ka yarda cewa ɗan ƙaramin yiwuwar bala'i ya isa dalilin yaƙi, to kowace jita-jita ta zama shaida, rashin shaida kuma ya zama alamar gwanintar ɓoyewa. Masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ƙarƙashin Hans Blix sun koma Iraƙi a ƙarshen Nuwamban 2002 bisa ƙuduri mai lamba 1441, suka yi bincike sama da 700, har da wuraren da Amurka da Birtaniya suka nuna musu, ba su sami tarin makamai ba. Sun sami makamai masu linzami na Al-Samud da suka wuce zangon da aka yarje, aka kuma fara farfasa su a gabansu. Blix ya ce aikin da ya rage na watanni ne. A Washington aka karanta wannan duka a matsayin tabbacin cewa Saddam ya iya ɓoyo. An ɗora wa wanda ake tuhuma nauyin tabbatar da cewa ba shi da abu, kuma ba a faɗi irin shaidar da za ta wadatar ba.

Saddam ma ya taimaka wajen haƙa ramin. Rahoton 2004 na Charles Duelfer, wanda ya kammala wa Amurka aikin neman makaman, ya kammala cewa an lalata tarin makaman tun a 1991 ko jim kaɗan bayan haka, kodayake yana da burin farfaɗo da shirin in an ɗage takunkumi. Bayan an kama shi ya gaya wa jami'in FBI da ke yi masa tambayoyi cewa Iran ya fi tsoro, shi ya sa bai so a tabbatar hannunsa wayam yake ba. Yana yi wa maƙwabci burga, sai wani can nesa ya gaskata. David Kay, wanda ya jagoranci neman makaman bayan mamayar, ya gaya wa 'yan majalisar dattawa a Janairun 2004 cewa kusan dukansu sun yi kuskure.

Rauni na biyu yana cikin lissafin. Mai kawo hujjar yana zana asarar jira da baƙin fenti mai kauri, ya zana asarar yaƙi da fensir. Lokacin da babban hafsan sojan ƙasa Janar Eric Shinseki ya ce za a buƙaci sojoji dubu ɗari da yawa don riƙe Iraƙi, mataimakin sakataren tsaron Amurka Paul Wolfowitz ya ce hasashen ya kauce nesa. A Mayun 2003 Paul Bremer, wanda Amurka ta naɗa ya gudanar da mulkin Iraƙi, ya sa hannu a kan umarni biyu, ɗaya ya kori manyan 'yan jam'iyyar Ba'as daga aikin gwamnati, ɗaya ya rushe rundunar soja, dubban ɗaruruwan mutanen da suka san bindiga suka wayi gari ba albashi. Al-Ƙa'ida da ba ta da gindin zama a ƙarƙashin Saddam ta sami reshe a hannun Abu Mus'ab al-Zarƙawi, daga wannan reshe kuma Da'ish ta tsiro ta kama Mosul a Yunin 2014. Amurka ta rasa sojoji kusan 4,500, Birtaniya 179, ƙididdigar da ta fi kowacce taka-tsantsan kuma ta haura fararen hula 100,000 a ɓangaren Iraƙi. Tsohuwar shugabar hukumar tsaron cikin gida ta Birtaniya MI5, Eliza Manningham-Buller, ta shaida wa kwamitin Chilcot, wanda ya binciki rawar Birtaniya a yaƙin, a 2010 cewa mamayar ta ƙara barazanar ta'addanci ga Birtaniya ƙwarai. Rahoton kwamitin a 2016 ya ce an shiga yaƙin ne ba a gama da hanyoyin lumana ba.

Kada a ɗauka daga nan cewa ƙarfin soja bai taɓa magance komai ba. Da'ish ta riƙe birane, tana karɓar haraji, tana sayar da mata Yazidawa, kuma ba sammacin kotu ne ya fitar da ita daga Mosul a 2017 ko daga Baguz ta Siriya a 2019 ba. Ƙungiyar da ta mai da kanta hukuma mai ƙasa ta ba da adireshinta, kuma a Iraƙi gwamnatin ƙasar ce ta nemi taimakon. Sai dai irin wannan shi ne ƙalilan. Wani nazari da cibiyar bincike ta RAND da ke Amurka ta fitar a 2008 a kan ƙungiyoyin ta'adda 648 tsakanin 1968 da 2006 ya gano cewa a cikin waɗanda suka ƙare, kashi 43 cikin ɗari sun ƙare ne ta shiga siyasa, kashi 40 ta aikin 'yan sanda da leƙen asiri, kashi 7 kacal ta ƙarfin soja.

A ɓangaren makamai ma sakamakon ya rabu. A Satumban 2007 Isra'ila ta rusa wani gini a gabashin Siriya wanda hukumar nukiliya ta duniya ta ce daga baya da alama ƙwarai tukunyar nukiliya ce, shirin bai farfaɗo ba, kuma yankin ya faɗa hannun Da'ish bayan 'yan shekaru. Masu goyon bayan bugun farko suna da gaskiya in suka ce a duba abin da zai faru da an bar shi. Amma harin da Isra'ilar ta kai wa tashar nukiliya ta Osirak a Iraƙi a Yunin 1981, wanda Kwamitin Sulhu ya yi tir da shi da amincewar Amurka, ya sa Saddam ya mayar da shirinsa ƙarƙashin ƙasa ya faɗaɗa shi, shi ne abin da aka tono bayan 1991. Sauran shugabanni kuma suna kallo suna koyon nasu darasin. Gaddafi ya miƙa shirinsa a Disamban 2003, masu yaƙin Iraƙi suka ce nasararsu ce, a 2011 kuma jiragen NATO suka share wa waɗanda suka kashe shi hanya. Koriya ta Arewa, wadda Bush ya lissafa tare da Iraƙi da Iran a cikin ƙawancen sharri, ta fice daga yarjejeniyar hana yaɗuwar nukiliya a Janairun 2003, ta yi gwajin bam na farko a Oktoban 2006, ba wanda ya mamaye ta. Kasuwar bayan fage da ta fi kowacce yaɗa fasahar tace yuraniyam a wancan zamani, ta Abdulƙadir Khan na Pakistan, a ƙasar da ke ƙawance da Amurka take, kuma leƙen asiri da tare wani jirgin ruwan kaya ne suka fallasa ta.

Akwai wani abu da ba a cika lura da shi ba. Hujjar tana ci ne daga duhun kai, daga cewa ba mu san abin da yake ɓoyewa ba, amma bugun da take ba da shawara shi ne yake rufe idon da ake gani da shi. A Disamban 1998 aka janye masu bincike daga Iraƙi gab da ruwan bama-bamai na kwana huɗu da Amurka da Birtaniya suka yi, Saddam ya hana su komawa, kuma a cikin shekara huɗun da babu kowa a ƙasa ne zato da labaran 'yan gudun hijira suka cike gurbin. A Iran, yarjejeniyar nukiliyar da ta ƙulla da manyan ƙasashe a 2015 ta taƙaita tace yuraniyam ta kuma cika tashoshin da masu bincike da kyamarori, Amurka ta fice daga cikinta a 2018, Iran ta ɗaga tacewar har kashi 60 cikin ɗari. A Yunin 2025 Isra'ila sannan Amurka suka buge tashoshin nukiliyar Iran na Fordo da Natanz da Isfahan da hujjar cewa jira ya fi haɗari. Kafin harin hukumar nukiliya ta duniya tana da ƙididdigar sama da kilo 400 na wannan yuraniyam. A farkon Yuli Iran ta dakatar da haɗin kai da hukumar, masu binciken kuma suka bar ƙasar ba tare da sun iya tabbatar da inda kayan suke ba.